Abin da na yi wa Baba mai sito

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan abin, in fara in goge, in sake farawa in sake gogewa, yau dai na ce ko me za a ce sai na fitar da shi daga cikina. Ba zan faɗi sunan kowa ba kuma ba zan faɗi garin ba, waɗanda suka san maganar sun santa. Saboda ƙannena masu shafuka a Facebook da masu shigowa aikin jarida yanzu nake rubutawa.

Mahaifina tela ne, yana da wata tsohuwar rediyo mai rigar fata da yake ratayewa a ƙusa kusa da kekensa. Da asuba BBC, da hantsi Rediyon Kaduna, da yamma a murɗa a kamo Jamus ko Muryar Amurka. Majalisar ƙofar shagonsa ba ta rabuwa da gardama, amma duk zafin da gardama ta yi da zarar wani ya ce "ai rediyo ta faɗa" shikenan magana ta mutu, kowa ya kama bakinsa. Tun ina firamare wannan abin yake burge ni, ace akwai mutanen da in sun yi magana dattawa masu furfura suna yin shiru. Na ce ni ma irinsu zan zama.

Na gama difloma a aikin jarida a 2014, na samu shiga wani gidan rediyo mai zaman kansa a babban birnin jiharmu. Albashi dai sunansa albashi, wata uku huɗu ba ka ga komai ba, abin da muke rayuwa da shi shi ne ɗan kuɗin mota da ake miƙo mana a ambulan in an tashi daga taro. A 2016 na buɗe shafi nawa na kaina a Facebook ina saka labaran yankinmu, kuma na lura da wani abu da wuri: in na saka labarin an yi bikin yaye ɗalibai mutum goma ne za su kula, amma in na taɓa ƙaramar hukuma wayata har zafi take yi.

Kuma mutane suna da dalili fa. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, duk wata ana raba kuɗi daga Abuja da sunansu, a lokacin kuɗin yana faɗawa asusun haɗin gwiwa da jiha ne, daga nan talaka bai ƙara sanin inda ya bi ba. Shi dai abin da yake gani shi ne asibitin garinsu babu ko farasitamol, ajin firamare iska ta yaye kwano shekara biyu ba a mayar ba, rijiyar burtsatse an kafa allo an rubuta sunan aiki amma ko ɗigo. To mutumin da yake cikin wannan halin in ka ce masa an saci kaza a sakatariya ba zai tambaye ka hujja ba, nawa ne kawai zai tambaya. Ni ma a cikin wannan halin na taso, haushin nan yana cikina, kuma har yau ban ce haushin ba shi da tushe ba.

Watan Yuni na 2018, damina ta fara sauka, manoma na ta neman taki ido rufe, lokacin buhun NPK na shirin gwamnati naira 5,500 ne in ka samu, a kasuwa kuwa ya fi haka. 'Yan siyasa kuma sun fara zafi saboda zaɓen fitar da gwani ya matso. Wata Laraba da la'asar wani yaro da na sani, yaron wani ɗan siyasa ne a ƙaramar hukumarmu, ya turo min hotuna uku a WhatsApp da saƙon murya. Hoto na farko tirela ce ana sauke taki a ƙofar siton ƙaramar hukuma. Na biyu an ɗauka da dare, dishi-dishi, wasu ƙananan motoci ana loda musu buhuna a ƙofar wannan siton dai. Na uku cikin siton ne wayam, sai tsintsiya da wani yagaggen buhu a ƙasa. A saƙon muryar yana cewa tirela guda ce cur, buhu 600, mai kula da sito ya kwashe cikin dare ya sayar wa 'yan kasuwa, kuma "kai kaɗai na ba, in ka yi sanyi wasu za su riga ka".

Wallahi jikina har rawa yake yi. Na ruga wurin editanmu, wani dattijo da ya yi shekaru a gidan rediyon gwamnati kafin ya yi ritaya ya dawo wurinmu. Ya sa tabarau ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya saurari muryar har ƙarshe, sannan ya ajiye wayar a tebur.

"Ka taka ƙafarka ka je siton?"

"A'a Malam, amma ga hoto."

"Ka ji ta bakin mutumin?"

"Na kira, wayarsa ba ta shiga."

"Sau nawa ka kira?"

Na yi shiru, don sau ɗaya ne. Ya ce, "Shi wanda ya turo maka, me zai samu in labarin ya fita? Ka tambayi kanka? Wannan ba labari ba ne tukuna yaro, jita-jita ce mai hoto. Gobe ka hau mota ka je, in ka dawo da takarda da muryar mutumin ni da kaina zan sa shi a kanun labarai."

Na fito ina ƙunƙuni, a raina ina cewa tsoho ya tsufa da tsoro, ko kuma an toshe masa baki. Abin da ya fi damuna ma kar wani shafin ya riga ni. Daga inda nake zuwa garin tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce, garinmu ne, na san hanyar kamar tafin hannuna. Ban je ba. Wajen ƙarfe tara na dare ina zaune a kan katifa na rubuta a shafina. Na sa sunan mutumin cikakke, na sa muƙaminsa, har unguwarsu na faɗa. Na fara da "ana zargin", na ce "wata majiya mai tushe da ta nemi a sakaya sunanta", na rufe da jimlar nan da duk muka haddace: "duk ƙoƙarin da muka yi na jin ta bakinsa ya ci tura." Kira ɗaya ne fa ƙoƙarin. Na san ƙarya nake yi lokacin da nake rubuta wannan layin, yatsana ya ɗan tsaya, sannan na danna.

A makaranta an nuna mana kamar "ana zargin" wata garkuwa ce. Wataƙila a takarda. Amma labari in ya bar waya ya shiga bakin mai shayi da 'yan acaba da mata a gidan suna, "ana zargin" ita ce ta farko da take faɗuwa a hanya. Kafin azahar ɗin Alhamis abin da ake faɗa a garin shi ne wane ya sace takin talakawa, 'yan jarida sun kama shi.

Kuma gaskiya na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba. Sharin ya wuce duk abin da na taɓa samu, ana ta rubuta min "Allah ya kare mana kai", "jarumin talakawa", sojojin baka suka ɗauka suka shiga da shi shirye-shiryen siyasa na dare. Na kwana ina duba waya ina murmushi.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci matasa suka je ƙofar gidansa. Suka yi ta jifa suna kiran ɓarawo, suka fasa gilashin taga, suka karya ƙyauren zaure, matarsa da 'ya'yansa mata suna ciki, sai ta katangar maƙwabta aka fitar da su. Ran Litinin aka ba shi takardar dakatarwa aka kafa kwamiti. Dattijo ne, shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya, yana limancin sallar asuba a masallacin layinsu in liman ba ya nan.

Kwamitin bai yi wani dogon aiki ba, don abin a fili yake ga duk wanda ya je. Iskar farkon damina ta ɗaga kwanon siton ta gefe ɗaya, ruwa ya fara zuba, shi kuma taki in ya sha ruwa dunƙulewa yake yi ya lalace. Baba, wato mai kula da siton, ya rubuta wa shugaban sashen gona takarda, aka sa hannu aka amince a kwashe a kai wani tsohon siton auduga da ke bayan gari. Da dare aka yi aikin saboda hadari ya haɗo ana tsoron ruwa ya sauko kafin safiya, shi da kansa ya tsaya da tocila yana ƙirga buhu yana rubutawa a littafi. Da kwamiti ya buɗe wancan siton aka ƙirga, buhu 597 a jere, uku kuma da suka fashe wurin lodi ga su nan a gefe an tattara a wasu buhunan, ya rubuta su a littafinsa tun a daren. Hotunan nan uku duk na gaskiya ne, babu wanda aka haɗa. Labarin da aka ɗora musu ne ƙarya, ni kuma na ɗauka na sa masa sunana.

Daga baya na ji sauran. Kwana kaɗan kafin nan an zo wa Baba da wata 'yar takarda a ba yaran wani babba buhu 100 a raba wa magoya baya, ya ce shi ba zai fitar da ko buhu ɗaya ba sai da takardar da ta bi hanya. Shi ne aka nemi wanda zai cire musu shi daga wurin, aka same ni a arha. Ko sisi ba a ba ni ba, kuma na sha jin mutane na cewa ai tunda ban karɓi kuɗi ba laifina da sauƙi. Ni ban ga sauƙin ba, gidan da aka jefa an jefa.

Babban ɗan Baba ne ya kai ƙara. Aka zo aka ɗauke ni a ƙofar ofis, na kwana uku a sel, ana ta ambata min sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wai ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan 7. Wannan sashen na san an sha amfani da shi a kan 'yan jarida masu gaskiya don a rufe musu baki, shi ya sa aka yi ta fama har aka gyara shi a 2024, kuma har gobe ba na goyon bayan a kulle mutum don ya yi rubutu. Wasu abokan aiki ma suka fara rubuta cewa an kama ni ne saboda na tona asiri. Da na fito na roƙe su su goge. Ban tona asirin kowa ba, na yi wa bawan Allah ƙazafi ne.

Editan nan da na raina shi ne ya tsaya min beli. A mota bai ce min "ban faɗa maka ba?" ba, ya dai miƙo min wata tsohuwar takarda da ta sha ninki, ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998, ya ce in karanta wurin da ya ja wa layi. Wurin yana magana ne a kan kar a buga abin da ba daidai ba, in an yi kuskure a gyara da gaggawa, kuma ba wa mutum damar ya kare kansa ginshiƙi ne a aikin. Mun yi jarrabawa a kan wannan takardar a makaranta, na ci ma.

A gida Inna ta ƙi yi min magana kwana biyu. Mahaifina kuwa yana kan keke bai ko ɗago ba ya ce, "Kai da ka sauke Alƙur'ani, ba ka wuce ta Hujurati ba? In fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kar ku cuci mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. To ga nadamar nan ka samu." Ya ci gaba da ɗinkinsa. Rediyon nan tana rataye a ƙusa tana magana, na kasa kallonta.

Na goge rubutun, na saka gyara da neman afuwa da sunana da hotona. Wancan dubbai suka yaɗa, wannan mutum 41 ne, na ƙirga. A ƙasan gyaran ma wasu na rubuta "an saye shi", "an tsorata shi", "mu dai mun san an ci". An mayar da Baba bakin aiki bayan wata biyu amma abin ya riga ya taɓa shi, hawan jini ya kama shi, kafin ƙarshen shekara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Auren 'yarsa da aka sa rana bayan babbar sallah dangin mijin suka ce a dakata tukuna, dakatawar da ba a sake tayar da maganar ba kenan.

Sai da na yi wata huɗu kafin na iya zuwa gidan, kawuna ne ya raka ni. Ƙyauren zauren an gyara shi da wani falle na kwano daban, launinsa bai yi daidai da sauran ba, tagar kuma kwali aka toshe ta da shi. Muka same shi a kan tabarma an jingina shi da filo, carbi a hannun dama. Na durƙusa na ce, "Baba ni ne wanda ya rubuta, na zo ka yafe min don girman Allah." Na shirya maganganu da yawa a hanya, duk suka gudu.

Ya daɗe yana kallona. Bakinsa ya ɗan karkace, maganar tana fita a hankali. Ya ce, "Ɗana, daga tasha zuwa ƙofar nan nawa ɗan acaba ya karɓa a wurinku?"

Na ce, "Naira hamsin Baba."

Ya ce, "To da ka zo a lokacin, da na ba ka hamsin ɗin, na nuna maka littafin."

Ya sa aka ɗauko littafin daga cikin ɗaki, irin dogon nan mai baƙin bango, ya ce in buɗe. Ga kwanan wata, ga lambar kowace mota, ga adadin buhu, ga uku da suka fashe an rubuta da jan biro. Shafin ma akwai tabon ɗigon ruwa a jiki. Na yi kuka a gaban mutane kamar ƙaramin yaro. Ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma shi ya sa ɗansa ya janye ƙarar. Matarsa ta leƙo ta labule ta kalle ni ta koma, ba ta ce komai ba, kuma tana da gaskiya.

Na bar aikin jarida shekara biyu, na koma shagon mahaifina ina sa maɓalli ina guga. Wani abu da ya ƙara ci min rai a lokacin, kafin maganar taki akwai wani bincike da na fara a kan ma'aikatan bogi a wannan ƙaramar hukumar dai, ina da kwafin takardar albashi, ina da sunayen mutanen da suka rasu ana ci gaba da karɓar kuɗinsu, wannan kam na bi shi gida-gida na tabbatar. Na kai wa gidajen jarida biyu, da sun ji sunana sai su ce "ba kai ne na taki ba?" Waɗanda abin ya shafa ko gezau ba su yi ba, sun san babu mai saurarona. Ƙaryar da na yi a kan mai gaskiya ita ta zama rigar da ɓarayin gaske suka saka, har wasu shekaru duk ɗan jaridar da ya tambayi wani abu a sakatariyar nan sai a ce masa ku ne masu sharrin nan.

Baba ya rasu a 2021, na je jana'iza na tsaya a sahun baya.

A shekarar da ya rasu ɗin editan nan ya sake kirana, ya ce in dawo in har zan yi aiki yadda ya ce. Na dawo. Yanzu in an turo min hoto tambayar farko da nake yi wa mai turowa ita ce me ya haɗa ka da mutumin, kuma me ya sa ni ka zaɓa. Ina zuwa wurin da ƙafata. Ina rubuta takarda a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, yawanci ba sa amsawa amma ina ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Wanda ake zargi ina kira, in tura saƙo, in je ofis, in je gida, in rubuta rana da lokacin kowanne, sai in na yi duk wannan nake yarda in ce ƙoƙari ya ci tura. Wani labarin yana cin wata uku, wasu shafukan su riga ni, wani kuma in bi shi har ƙarshe in tarar babu komai a ciki in ajiye. Masu bibiyata sun ragu sosai, wasu na cewa na yi laushi. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, jita-jitar da ake turo min ta ninka, kusan kullum akwai sabon hoto da saƙon murya, kuma na tabbata wasu daga ciki gaskiya ne, shi ya sa ma nake bin su a hankali don in na kama mutum kar ya samu ƙofar fita.

Rubutun nan na 2018 na goge shi tun tuni amma wani ya ɗauki hotonsa kafin in goge, kuma duk farkon damina in an fara maganar taki sai ya dawo yana yawo a guruf-guruf na WhatsApp, da sunan Baba da unguwarsu da sunana a sama. Bana ma wani ɗan ajinmu na sakandare ya turo shi gurup ɗinmu ya rubuta "kun ga irin ɓarayin da ke cikinmu". Ina da hoton shafin littafin nan a wayata, ɗan Baba ne ya ba ni izini na ɗauka bayan rasuwarsa. Na tura a gurup ɗin na rubuta cewa ni ne na yi wancan rubutun, ƙarya ne, mutumin ya rasu da gaskiyarsa, ga buhu 597 ga uku da jan biro, don Allah duk inda ka tura ka bi ka tura wannan. Mutum biyu suka amsa. Na shiga inbos na wanda ya turo na tambaye shi daga wane gurup ya samo, ya faɗa min, na nemi lambar admin ɗin na kira shi.